Awon Ƙafar Hamma

Ke Bilkisu, kin taɓa ganin ƙafar mutumin da ya tashi a bayan shanu? Ba irin taku ta 'yan birni ba, da tun kuna zanin goyo ake cusa muku ita a safa. Ajiye kambas ɗin nan da kike ta juyawa kina nuna min, ki matso in ba ki labarin Hamma, ɗan yayana, Allah ya jiƙansa. Ke ba ki san shi ba, sai bayan rasuwarsa kuka tare a gidan nan.

Sunansa na yanka Badruddeen, amma ba wanda ya taɓa kiransa da shi sai malaman asibiti. Shi ne babba a ɗakinsu, to kowa Hamma yake ce masa, wato yaya da Fillanci, har mu iyayensa. A ruga aka haife shi, can wajen Soro, tun muna da garke. Ƙafarsa faɗi gare ta kamar faifai, yatsun a warwatse, kowanne da inda ya dosa. Diddigen nan ya yi kanta, ƙaya ma in ta soke shi ita ke karyewa. Gudu kuwa, Allah ya ba shi. In maraƙi ya ɓalle ba a neman igiya, Hamma ake kira. Zai bi shi cikin kunyoyin gona da duwatsu har sai ya damƙi wutsiya, ya dawo yana dariya ko haki ba ya yi. Takalmi bai dame shi ba. In an sayo masa na roba irin na makiyaya, ranar farko zai sa wuƙa a wuta ya tsaga gefen, ƙaramin yatsa ya leƙo waje ya sha iska. Ya ce masu yin takalmi ba su taɓa ganin ƙafar mutum ba.

To sai ciwon huhu ya shiga garken. Abin da ciwo ya bari, ɓarayi suka kora. Mutumin da ya saba kwana da kukan shanu ya wayi gari ba ko akuya. Haka ya tattaro matarsa Zubaida suka shigo Bauchi, suka kama ɗaki a bayan barikin Shadawanka, ya koyi tuƙin keke mai ƙafa uku, yana jigila daga Wunti zuwa Yelwa. Ni lokacin na daɗe a nan Fadaman Mada, aure ya kawo ni.

Akwai abin da sai kin gane shi za ki gane sauran. A wurinmu ɗan fari ba naka ba ne. Kai ka haifa, amma kunyarsa kake ji har ka mutu. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi. 'Yar farin Hamma ita ce Sa'adiyya, ana yaye ta aka miƙo min ita, a bayana ta girma. Bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. In zai yi maganarta sai ya ce min, 'yar taki. Ita ma ba ta ce masa Baba, Hamma take ce masa kamar kowa, shi ma ɗin a bayan idonsa. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan zo gaishe ni. Tana jin sallamarsa za ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida shi kanta a ƙasa, ya amsa yana kallon bango, ta sulale ta koma madafa.

Amma ba ya zuwa hannu sake. Yau atamfa ce a leda, gobe man shafawa, wata rana jakar makaranta. Zai ajiye a gefen tabarmata, sai ya miƙe zai tafi ya ce, “Goggo, ga wannan, ko akwai mai so.” Ni tsohuwa me zan yi da jakar makaranta? Ranar da aka ce ta gama karatun koyarwa ta samu aiki a wata ƙaramar makaranta kusa da barikin, zakara ya kawo mana, ya ce wai arha ya gani a hanya.

Zaman keke shi ya ɓata shi. Mutumin da ya saba yini a tsaye ya koma yini a zaune, ga shayi mai kauri safe da yamma, ga burodi, ga lemon kwalba in rana ta yi zafi. Tumbi ya fito. Daga baya kuma tumbin ya zube, ya hau ramewa, ƙishirwa ba ta barinsa, tururuwa na bin inda ya yi fitsari. Da aka je asibiti aka ce suga ne. Likitan ya yi masa bayani da yawa, Zubaida na wurin. Ya bar zaƙi, ya sha magani a kan lokaci, ya riƙa motsa jiki yana ɗan sassarfa da safe, sannan ya riƙa duba ƙafarsa kullum kamar yadda ake duba jariri, don ciwon nan yana kashe jin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba. A duk maganar nan sassarfa kawai Hamma ya riƙe. Zancen ƙafa kuwa ya bar shi a nan, don a ganinsa ba wani yaro mai farar riga da zai koya masa ƙafarsa.

Alhali tuni ta fara mutuwa. Yakan ce tafin kamar auduga yake takawa. Akwai ranar da ya taka garwashi a tsakar gida, sai da Zubaida ta ji ƙauri ta ture shi. Shi murna ma ya yi, wai kantar ruga ce ta dawo.

Sojoji suna fitowa gudu a titin barikin in gari ya waye, suna waƙoƙinsu. Hamma ya fara bin bayansu. Da fari daga nesa, yana tsayawa yana dafe gwiwa. Sannu a hankali jiki ya tuna abin da ya sani, sai ga shi a jelar layi, da 'yar shara da silifas, faɗat faɗat a kan kwalta. Akwai wani saje a cikinsu, Auwalu, mai tsokana. In ya waiwayo ya gan shi sai ya ce, “Baba Fillo, ina shanun da kake bi?”

Hamma ya ce, “Ga su nan a gabana, yau sun sa koren wando.”

Suka saba. Sajen ne ma ya fara ce masa silifas ɗin nan za su kayar da shi wata rana, ya je kasuwa da ƙafarsa ya gwada kambas mai laushin ƙasa wanda zai riƙe masa diddige. Hamma ya ce ya ji, bai je ba. Amma fa ya dawo mutum. Fuskarsa ta washe, suga ya sauka, ya koma ba da labarin ruga da ya daina. Ya ce min in yana gudun nan, iska na bugun ƙirjinsa, har ƙarar ƙahonni yake ji a bayansa.

Wata safiya Sa'adiyya ta sauka a keke a ƙofar makarantarsu, daidai lokacin sojoji na wucewa. Ɗalibanta sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallo. Sai suka fashe da dariya suna nuna wani tsoho a ƙarshen layi, hancin silifas ɗinsa ya fita, ya tsaya yana mayar da shi da ƙusa. Ba su san uban malamarsu ba ne. Ita kuwa ta kora su aji. Da ta dawo gida ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Ta ƙudura za ta saya masa takalmi. To amma ta yaya? Ba za ta iya tambayarsa lambar ƙafarsa ba, shi ɗin ma bai san wata lamba ba. Ba za ta iya cewa ya biyo ta kasuwa ba. Balle ta durƙusa ta kama ƙafar ta auna. Sai ta yi abin da ta ga muna yi in za a sayo wa yara takalmin salla. Juma'a ta zo, ya shigo wurina ya tuɓe silifas a bakin ƙofa, ita kuwa ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta ɗora a kan silifas ɗin tun daga baya har gaba, ta karya daidai tsawonsa, ta soke a gefen ɗankwalinta.

Kin ga mu in za mu yi awo, a ƙafar yaro muke ɗora tsinken, ba a takalminsa ba. Kuma silifas ɗin nan ma ba nasa ba ne. An yi masa musanya a masallaci tun da daɗewa, aka tafi da nasa, ya zura wanda ya rage ya ci gaba da harkarsa. Diddigensa a ƙasa yake, yatsunsa sun zubo ta gefe. Wanda bai kalli ƙafar ba ba zai sani ba, ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa tsayar da ido a kan ƙafar ubanta ba. Sannan tsinke tsawo yake faɗa miki, ba ya faɗin faɗi.

Duk wannan daga baya ta ba ni labari. Ta tafi kasuwar Muda Lawal layin 'yan gwanjo, wurin wani Ashiru mai tulin kambas a kan buhu. Ta zaɓi wani fari mai ratsin shuɗi, mara nauyi, ƙasansa in ka danna kamar sabon burodi. Ta miƙa masa tsinke. Ashiru ya ce takalmin gudu ba a sayensa da tsinke, gara mai ƙafar ya zo da kansa, da yamma in ƙafa ta ɗan tasa, ya sa da safa, ya taka ya ji, a bar masa wurin da babban yatsan hannu zai kwanta a gaba, don ƙafa tana buɗewa in ana gudu. Ta ce mai ƙafar ba zai zo ba. Ya ce ba shi da lafiya ne? Ta ce babanta ne, kuma ita ce ta fari. Ashiru ɗan cikin gari ne, ya yi dariya ya ce ashe har yanzu ana wannan. Ya zura tsinken cikin takalmin, ya kwanta cif, ba ragi ba ƙari. Ya sa mata a leda, ya ce in bai yi ba a dawo da shi a canza, ba komai.

Kin ji fa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da canji.

Ta kawo ta ajiye a gefen tabarmata, kanta a ƙasa, ta ce, “Goggo, ga wannan, ko akwai mai so.” Na yi dariya har da hawaye. Da Juma'a ta zagayo na tura masa ledar na faɗa masa yadda aka faɗa min. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya shafa ratsin nan da yatsa, ya juya ƙasan, ya mayar ya ƙulle ledar. Bai tambayi daga ina ba. Ranar ko furar da na dama masa bai iya shanyewa ba, ya rungumi ledarsa ya fita.

A gida aka yi dambe da takalmin. Zubaida ta kwance igiyoyin gaba ɗaya, ta sa bayan cokali a diddige, shi yana turawa tana ja, da ƙyar ƙafar ta shige. Gefen ya kumbura, kana ganin shatin ƙaramin yatsa ta waje kamar an ɓoye gyaɗa. Ta ce masa, Malam, wannan ya yi maka kaɗan, a mayar a canzo. Ya ce a mayar ta hannun wa? Duk wanda ya mayar, ya gaya wa yarinyar nan ba ta san ƙafar ubanta ba ke nan. Ya ɗauko wuƙa zai tsaga gefen yadda ya saba yi wa na roba, har ya ɗora bakinta, sai ya ajiye. Ya ce ba ya sa wa abin nan wuƙa. Sai ya aika aka sayo man shanu, ya mulke cikin da shi ya ajiye a rana, don haka muke yi wa takalmin fata ya saki. To wannan ba fata ba ne, zare ne da roba. Mai ya shige ya zauna, takalmi yana nan yadda yake.

Ni da kaina na tambaye shi ko ya yi. Ya ce daidai, kamar a ƙafarsa aka ɗinka. Kuma ba duka ne ƙarya ba, don shi ba ya jin matsin. Da mai lafiyar ƙafa ne, ranar farko zafi zai sa ya cire ya yi jifa da shi, kunya ko ba kunya. Shi ƙafar ta daina kai masa ƙara.

Sajen ya gan shi ya ce yau Baba Fillo ya zama ɗan gayu, wa ya saya? Ya ce wani ne. Daga nan ya canza lokacin fitarsa. Ko sojoji ba su fito ba shi zai fito, kuma sai ya daidaita ya bi ta ƙofar makarantar nan sa'ad da malamai ke sauka a keke. Ba ya kallonta, ba ta kallonsa. Zai wuce ƙirji a gaba, farin takalmi na walƙiya, ita tana gyara mayafi kamar ba ta gani ba. Amma ta dawo gida tana 'yan waƙe-waƙe, ta ci abinci har ta ƙara. Tun da na goye ta ban taɓa ganinta da sakin fuska irin na lokacin ba. Shi ma haka. Iyakar hirar da suka taɓa yi a duniya ke nan, ta wucewa.

Damina ta sauka, yana gudu cikin ruwa, takalmi ba ya bushewa. Wata rana Zubaida za ta wanke safa ta ga ta manne da jini da ruwa-ruwa. Ta duba ƙafar, ƙaramin yatsa ya saluɓe, gefen ya yi gyambo. Ta ce asibiti. Ya ce ɗan wannan? Ya tafi kara, kasuwar shanu, ya sayo feshin nan mai shuɗi da muke fesa wa shanu in sun ji ciwo a kofato, ya fesa, ya ɗaure da tsumma, ya sake cusa ƙafar da tsumman da komai. Ta roƙe shi ya huta da takalmin ko na ɗan lokaci, ya koma silifas. Ya ce in aka gan shi da silifas gobe, me za a ɗauka? Ya kuma gargaɗe ta, in maganar nan ta je Fadaman Mada bai yafe ba. Zubaida mace ce mai tsoron miji, ta kama bakinta.

Juma'a biyu ko uku yana zuwa wurina bai tuɓe takalmi ya shigo ba, sai ya tsuguna daga waje ya ce sauri yake. Ashe wari yake ɓoye min. Sai da fasinja suka fara sauka a kekensa suna toshe hanci, zazzaɓi ya kwantar da shi, sannan Zubaida ta zo min da rana tsaka mayafi a hannu.

Abin da na gani da aka kwance tsumman, ba zan kwatanta miki ba, yanzu kika ci abinci. Shuɗin feshi ya rufe baƙin, shi ya sa ita ma ba ta gane ya kai haka ba.

A asibiti likita ya tambaye shi me ya jawo. Ya ce ƙusa ya taka. Likitan ya ce ƙusa ba ta huda mutum ta gefe, wane irin takalmi yake sawa? Ya ce silifas. Zubaida ta sunkuyar da kai. Aka cire yatsu biyu, aka ce a jira a gani. Muka jira. Baƙin ya haye bayan ƙafa, ya doshi idon sawu, kullum da safe in an buɗe ya ƙara gaba. Likita ya ce ba sauran dabara sai a yanke daga ƙasan gwiwa, kuma da gaggawa, tun dafin bai shiga jini ba.

Hamma ya ce a'a.

'Yan'uwa suka zo daga Soro suka yi magana, limamin unguwarsu ya zo ya yi, sajen nan ma ya zo da kakinsa ya ce yana da abokai masu ƙafar roba suna tuƙa mota. Duk amsa ɗaya yake ba su, yadda Allah ya kawo shi haka zai koma masa. Sai da muka rage mu biyu ya gaya min ta cikinsa. Ya ce, “Goggo, in aka yanke, sanda zan riƙe ina yawo a garin nan. Duk wanda ya tambaya sai wani ya ce masa takalmi ne. Kuma duk Juma'a sai 'yar taki ta gan ni na shigo da ƙafa ɗaya.” Na ce to in ka mutu fa? Ya ce wannan sau ɗaya za a yi kuka.

Ita kuwa duk kwanakin nan tana baranda. Kullum in ta tashi daga makaranta za ta zo da kular abinci, ta miƙa wa uwarta, ta zauna a benci a waje. Ba ta shiga, ba ta ganin ƙafar. Ƙusa aka ce mata, ta yarda. Ranar nan Zubaida ta aike ta ɗakinsu ta ɗauko zanin gado, ta manta abin da ke ƙarƙashin gadon. Yarinya ta sunkuya ta ga farin takalmi. Ta jawo. Na daman ya ƙandare, cikinsa jini da shuɗi, ga warin man shanu da ya lalace, zaren gefen ya cinye har ya kusa hujewa. Kusa da shi ga takalmin fatarsa na zuwa Idi, wanda baduku ya yanka masa a kan ƙafarsa. Ta haɗa su ƙasa da ƙasa. Na fatar ya fi shi tsawo, ya kuma rufe shi ta kowane gefe.

Ta dawo asibiti ba zanin gado. Ina zaune kusa da shi na ga ta shigo, ta wuce gadajen mutane, ta zo ta durƙusa daidai kansa. Ba kuka take ba. Ta ɗaga ido ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi ya juya fuska bango.

Ta ce, “Hamma, ka bari su yanke.”

Bai juyo ba.

Ta ce, “Na ga takalmin. In ka tafi da ƙafar nan a haka, ni ka bar wa ita.”

 Tana nan durƙushe, ba ta tashi ba. Can, fuskarsa na bango, ya ce, “Goggo, a kira likitan.”

Aka yanke. Amma jinkirin ya yi yawa, dafi ya riga ya shiga. Zazzaɓi bai sauka ba, fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura har zoben azurfarsa sai da aka yanke. Yana fita hayyacinsa yana dawowa. In ya fita sai ya hau kiran shanunmu na da, kowace da sunanta, yana faɗa wa ƙannensa su tare ta gabas, ragowar ƙafar na motsi a ƙarƙashin mayafi kamar mai gudu. Sa'adiyya ta koma bencinta. Shigarta ɗaya ke nan, ba ta ƙara ba, shi ma bai nema ba.

Yau Sa'adiyya tana Yelwa da mijinta da 'ya'yanta. Ta bar makarantar nan, ta ce ba za ta iya tsayawa a ƙofar ba. Ba ta cika magana ba yanzu. In salla ta matso za ki gan ta da yaran duka a kasuwa, tana durƙushe tana danna gaban takalmin kowa da yatsa, tana sa su taka su dawo, har masu kaya su gaji da ita. Ɗan farinta ma ita ke kama ƙafarsa, tana kiran sunansa a gaban kowa, dangi suna gulma ba ta kula. Kambas ɗin ban san inda ta kai shi ba, ban kuma tambaya ba. Saƙon da ya bar mata na isar bayan an share makoki. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da aka riga aka share.

Ranar da zai rasu, bayan la'asar ne, hankalinsa ya dawo tas. Zubaida ta fita alwala. Ya nemi ruwa na ba shi a cokali. Ya tambaya ko an yi ruwa a Soro, na ce an yi. Ya tambaya ko akwai mutum a baranda, na ce akwai, tun azahar. Na ce in kira ta? Ya girgiza kai. Ya kalli ƙofar ya daɗe, sannan ya yafito ni da hannu, na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, “Goggo, ki ce wa 'yar taki takalmin ya yi min daidai. Ƙafar ce ta yi yawa.”